GYARA KAYANKA KO SAUKE MU RABA? Raddi ga masu cewa "doka ce ta ba su dama"



Akwai wasu maganganu biyu da suka zama ruwan dare a majalisunmu, tun daga bakin hanyar Aouda har Zangon Sokode, har rumfunan kasuwar Dapaong. Da zarar an ambaci abin da aka yi wa kundin tsarin mulkin Togo a shekarar 2024, sai wani ya gyara zama ya ce: "Ai doka ce ta ba su dama. Majalisa ta zauna, an kaɗa ƙuri'a, an samu rinjayen da ake bukata. Saura me?" Wani kuma ya ɗora da cewa wannan rigimar 'yan boko ce da lauyoyin Lome, ba ta shafi mai sayar da goro ko mai tuƙa zemijan ba. Waɗannan maganganu biyu muke so mu yi wa raddi. Ta farko kuskure ce wajen karanta doka, ta biyu kuwa sakaci ne da haƙƙin da aka zubar da jini a kansa a ƙofar gidajenmu.

Aikinmu rubutu ne a ƙofar dattawa. Mu ne masu rubuta abin da aka yanke a zaman sulhu, masu ajiye takardun gado da na filaye da ƙa'idojin ƙungiyoyi. Wannan sana'a ta koya mana cewa darajar takarda tana ga wahalar sauya ta. Takardar da mai ƙarfi zai iya gogewa duk daren da ya ga dama ba ta kare marar ƙarfi daga komai, ko da kuwa an buga mata hatimi goma. Da wannan ido muke kallon kundin ƙasa, domin shi ma yarjejeniya ce, sai dai masu ita miliyoyi ne.

Mu fara da abin da dokar ta faɗa, tunda da ita ake kafa hujja. Bayan babban taron ƙasa da aka yi a Lome daga Yuli zuwa Agustan 1991, an rubuta daftari, aka kai shi gaban jama'a ranar 27 ga Satumba, 1992. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka amince, aka sa masa hannu ranar 14 ga Oktoba. Mu da muke samari a lokacin mun shiga wannan layi. Sashi na 59 ya ce jama'a ne za su zaɓi shugaban ƙasa, wa'adinsa shekara biyar, ana iya sabunta shi sau ɗaya, kuma ko ta halin ƙaƙa babu mai wuce wa'adi biyu.

Waɗanda suka rubuta kundin sun san ba wahayi suke rubutawa ba. Sun bar ƙofar gyara a sashi na 144, suka yi mata makullai. Shugaban ƙasa na iya gabatar da bukatar gyara, haka ma kashi ɗaya cikin biyar na 'yan majalisa. Idan kashi huɗu cikin biyar na dukkan 'yan majalisa suka amince, gyara ya tabbata. Idan kashi biyu cikin uku kawai aka samu, sai an je zaɓen raba-gardama. Shugaban ƙasa kuma yana da ikon kai kowane gyara gaban jama'a kai tsaye. Sa'an nan aka haramta fara gyara ko ci gaba da shi a lokacin riƙon ƙwarya, ko lokacin da kujerar shugaba ba kowa, ko lokacin da ake keta haddin ƙasa. Tsarin jamhuriya da kasancewar gwamnati ba ta addini ɗaya ba kuwa an ce ba a taɓa su har abada.

Hikimar kashi huɗu cikin biyar a bayyane take. A majalisa mai kujeru 91, wannan yana nufin mutum 73. A ƙasar da ake zaɓe kowa na ciki, da wuya jam'iyya ɗaya ta tara wannan adadi ita kaɗai. Dole ta sauko ta nemi abokan hamayyarta, ta ba da wani abu ta karɓi wani. Watau adadin ma'auni ne na yardar jama'a, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Amma kowace uwar gida ta san ana iya buga wa mudu gindi ya koma rabi, alhali sunansa mudu. Tarihin shekara talatin da suka wuce tarihi ne na buga wa wannan mudu gindi.

A watan Yulin 1999 Shugaba Gnassingbe Eyadema ya faɗa a bainar jama'a cewa zai sauka idan wa'adinsa ya cika a 2003. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa. A watan Oktoban 2002 manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa, jam'iyyar RPT ta kwashe kujeru 72 cikin 81. A ƙarshen Disambar wannan shekara, ana shirin bikin sabuwar shekara, majalisar ta cire iyakar wa'adi, ta mai da zaɓen shugaba zagaye ɗaya, ta rage shekarun ɗan takara daga 45 zuwa 35, ta kuma sa sharaɗin zama cikin ƙasa na wata 12, wanda ya tare hanyar Gilchrist Olympio. An cika adadin sashi na 144 cif. Babu wanda ya tambayi mutanen da suka yi layi a 1992.

Ranar 5 ga Fabrairu, 2005, Eyadema ya rasu. Sashi na 65 ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe ƙasa, a yi zaɓe cikin kwana 60. Shugaban majalisar, Fambare Ouattara Natchaba, yana waje. Aka rufe iyakoki, jirgin da yake ciki ya sauka a Kwatano, sojoji suka naɗa Faure Gnassingbe. Washegari majalisa ta zauna ta tuɓe Natchaba, ta ɗora Faure a kujerarsa, ta gyara sashi na 65 domin ya ƙarasa wa'adin mahaifinsa har 2008. Da yake sashi na 144 ya hana gyara a irin wannan lokaci, sai ta gyara shi shi ma. A yini ɗaya aka karya makulli, sa'an nan aka rubuta cewa dama ba a kulle ba. Matsin lambar CEDEAO da Tarayyar Afirka ya sa aka janye, Faure ya sauka ranar 25 ga Fabrairu, Abass Bonfoh ya riƙe. A rikicin zaɓen 24 ga Afrilu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 400 zuwa 500 sun mutu, dubbai suka tsere Benin da Ghana.

Yarjejeniyar siyasa ta 20 ga Agusta, 2006 ta yi alkawarin sake duba batun wa'adi. Shekara goma sha ɗaya aka yi ana jira. Ranar 19 ga Agusta, 2017, jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam, ɗan Kparatao, ta fito da jama'a a Sokode da wasu garuruwa, kuma bukatarsu ita ce a dawo da kundin 1992. Aka rasa rayuka a Sokode a ranar. A watan Satumba aka katse intanet, abin da kotun CEDEAO ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa doka. A Mango aka kashe yaro. Ranar 16 ga Oktoba aka kama wani sanannen limami a Sokode, gari ya kama da wuta, matasa suka mutu, sojoji biyu ma aka kashe su. Duk mai cewa kundin tsarin mulki rigimar lauyoyin Lome ce, ya je ya faɗi haka a gaban iyayen waɗannan mamata, na farar hula da na soja.

Ranar 8 ga Mayu, 2019, majalisar da aka zaɓa bayan gamayyar jam'iyyu 14 ta ƙaurace wa zaɓen Disambar 2018 ta dawo da wa'adi biyu da zagaye biyu. Amma ta ce wa'adin da aka riga aka ci ba ya cikin lissafi. Matanmu sun san wannan a adashi. A ce wadda ta kwasa sau uku ta tara masu zubi ta ce ta yarda daga yau kowa sau biyu zai kwasa, sai dai za a sake jeri daga farko, kuma ita ce ta farko. Duk da haka, gyaran 2019 ya zo da abu guda mai daraja. An rubuta a sashi na 59 cewa zaɓen shugaba da jama'a ke yi da iyakar wa'adinsa ba a sauya su sai ta hanyar zaɓen raba-gardama. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a nan ne maganar "doka ta ba su dama" za ta faɗi.

Daren 25 ga Maris, 2024, tsakiyar watan azumi, majalisa ta amince da sabon kundi: 89 sun yarda, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya ƙaurace. Ba a raba wa jama'a daftarin ba kafin ƙuri'a. Gari ya waye aka ji an karɓe wa talaka ikon zaɓen shugaban ƙasa. Limaman cocin Katolika suka roƙi shugaba kada ya sa hannu. Ranar 29 ga Maris ya mayar wa majalisa ta sake dubawa, 'yan majalisa suka yi rangadin 'yan kwanaki suna ganawa da sarakuna da wasu ƙungiyoyi, aka hana zanga-zangar 'yan adawa. Ranar 19 ga Afrilu mutum 87 suka sake amincewa, babu ko ɗaya da ya ƙi. Ranar 6 ga Mayu aka sa hannu. A sabon tsari 'yan majalisa ne ke zaɓen shugaban ƙasa na shekara huɗu, kuma kujerarsa ta girmamawa ce. Iko duka yana hannun shugaban majalisar ministoci, wanda shi ne jagoran jam'iyya mai rinjaye, na shekara shida, babu iyaka ga sabuntawa. Ranar 3 ga Mayu, 2025, Faure Gnassingbe ya hau wannan kujera, aka ba Jean-Lucien Savi de Tove waccan.

To, ga amsarmu ga mai cewa an bi doka, kuma hujja huɗu ce.

Ta farko, su waye suka zauna? An zaɓi waɗannan 'yan majalisa a Disambar 2018 na shekara biyar. A daren da suka kaɗa ƙuri'a, wa'adinsu ya riga ya cika da watanni. Masu kare su suna nuna sashi na 52, wanda ya ce 'yan majalisa masu barin gado suna nan har magadansu su kama aiki. Gaskiya ne ya ce haka, domin kada ƙasa ta zauna ba mai sa hannu a kasafin kuɗi ko dokar gaggawa. Wannan shi ake kira riƙon ƙwarya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin wakilci a fiƙihu ya san wakili yana tsayawa ne inda mai wakilta shi ya tsayar da shi. Wanda aka wakilta ya sayar da akuya ba ya sayar da gida, balle wanda ranar wakilcinsa ta wuce, aka ce ya tsare ƙofa kafin mai gida ya iso. Zaɓe saura makonni. Wace gaggawa ce ta hana a jira sabbin wakilai?

Ta biyu, sashi na 59. Waɗannan 'yan majalisa da hannunsu suka rubuta a 2019 cewa ba a taɓa zaɓen shugaba sai an tambayi jama'a. Ana ce mana ai ba sashin aka gyara ba, tsarin mulkin gaba ɗaya aka sauya, don haka sharaɗin bai hau ba. Subhanallahi! Mutum ya yi rantsuwa ba zai cire ƙofar ɗakinka ba sai da izninka, sa'an nan ya rushe ɗakin, ya ce ai ƙofa na nan jingine bai taɓa ta ba. Idan ƙaramin abu yana bukatar izni, babban da ya haɗiye shi ya fi bukata. Ɗalibin da ya fara usulu ma ya san wannan ƙa'ida.

Ta uku, mutanen Dapaong su za su ba da shaida. A Nuwamban 2021 aka kai hari Sanloaga, cikin Kpendjal. A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi. Tun Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, dubban mutane sun bar ƙauyukansu sun sauka gidajen 'yan'uwa. Majalisar nan ita ce ta tsawaita dokar da shekara guda a cikin watan Maris ɗin 2024. Ta yaya za a shaida a farkon wata cewa ana keta haddin ƙasa har ya kai a taƙaita 'yancin jama'ar arewa, sa'an nan a ƙarshen wata a ce ƙasa lafiya lau take, sharaɗin sashi na 144 bai hau ba? Ɗaya daga cikin shaidun biyu ba gaskiya ba ce. An sa wannan sharaɗi ne domin mutumin da ke gudun ransa ba shi da sukunin karanta daftari.

Ta huɗu, sashi na 144 ƙofar gyara ce. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A nan an juya karin maganar: an shigo da sunan gyara kaya, aka sauke, aka raba. Jamhuriya ta huɗu jama'a suka kafa ta da ƙuri'arsu, ta biyar kuwa mutum 87 suka kafa ta a zaure ɗaya. Majalisa 'yar kundi ce, shi ya haife ta, shi ya ba ta iko. Tana iya yi masa ɗinki inda ya yage. Haihuwar wani sabo aikin masu ƙasa ne. Ban da wannan, yarjejeniyar CEDEAO ta 2001 ta hana yin babban sauyi ga dokokin zaɓe cikin wata shida kafin zaɓe sai da yardar akasarin 'yan siyasa. A nan kwana goma ne tsakanin ƙuri'ar 19 ga Afrilu da zaɓen 29 ga Afrilu.

Akwai masu cewa wannan zaɓen shi ne ya zama raba-gardama, tunda jam'iyyar UNIR ta ci kujeru 108 cikin 113. Ba mu karɓi wannan ba. Mutumin Aouda da ya dangwala wa ɗan takara yana iya yin haka don rijiyar burtsatse, ko don takin zamani, ko don ɗan garinsu ne. Ba a rubuta masa a takarda cewa "ka yarda a karɓe maka zaɓen shugaban ƙasa, i ko a'a" ba. Amsar tambayar da ba a yi ba ba amsa ba ce. Idan kuwa masu mulki sun tabbata jama'a na tare da su har haka, me suke tsoro a akwati? Tun 1992 ba a sake kiran 'yan Togo zaɓen raba-gardama ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma masu cewa tsarin majalisa shi ake yi a Ingila da Jamus, kuma can ma firaminista ba shi da iyakar wa'adi. Ba mu da faɗa da tsarin majalisa. Mai yiwuwa da an baje shi a faifai, da yawanmu mun zaɓe shi. Amma a Ingila 'yan jam'iyyar Margaret Thatcher ne suka sauke ta a 1990 bayan shekara 11. Angela Merkel ta hau a 2005, shekarar da Faure ya hau, ta sauka da ƙafarta a 2021, jam'iyyarta kuma ta faɗi zaɓe. Abin da ke tsare waɗannan ƙasashe shi ne mulki yana fita daga hannu zuwa hannu. A ƙasar da gida ɗaya ke riƙe da ragama tun 1967, iyakar wa'adi ita ce kaɗai ranar da talaka yake iya lissafawa da yatsunsa. An ɗauke ta daga kujerar da ke da iko an kai ta kujerar da ba ta da shi. Wannan canza wa tuwo suna ne.

Mu leƙa maƙwabta. A Ghana, sassan kundi masu nauyi, har da na shugaban ƙasa, ba a gyara su sai an buga daftari a jaridar gwamnati wata shida kafin a shigar da shi majalisa, sa'an nan a je raba-gardama, kashi 40 cikin ɗari na masu rajista su fito, kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka fito su amince. A Disambar 2019 Shugaba Akufo-Addo ya soke wata ƙuri'ar raba-gardama da aka riga aka sa wa rana, saboda ya ga babu haɗin baki. A Najeriya sai an samu kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A Benin, 'yan majalisa sun ƙara wa kansu shekara guda a 2006 da rinjayen da doka ta nema, amma kotun tsarin mulki ta soke, ta ce adadi bai isa ba sai da yardar ƙasa. Benin ɗin ma ta zame a 2019, lokacin da majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta ta gyara kundi. Cutar ta yanki ce, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da ya fi ban takaici shi ne labarin masu shiga tsakani. A 2005 Tandja Mamadou ne shugaban CEDEAO, Olusegun Obasanjo ne na Tarayyar Afirka, su suka tsawata wa Lome. Shekara guda bayan haka aka kai wa majalisar dattawan Najeriya gyaran da zai ba Obasanjo wa'adi na uku, ta yi watsi da shi ranar 16 ga Mayu, 2006, jama'a na kallon muhawarar a talabijin. Tandja ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 don tazarce, sojoji suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu, 2010. Blaise Compaore, wanda ya sasanta 'yan Togo a 2006, ya nemi gyara sashi na 37 na ƙasarsa, aka ƙona majalisa ranar 30 ga Oktoba, 2014, washegari ya gudu. Alpha Conde, mai shiga tsakani a 2018, ya sauya kundin Gini a 2020, aka kifar da shi ranar 5 ga Satumba, 2021. Masu dokar barci duk sun ɓuge da gyangyaɗi. Darasi biyu ke nan. Kada mu jira wani shugaba daga waje ya tsare mana kundinmu. Kuma raba-gardama ita kaɗai ba magani ba ce, domin Tandja da Conde duk sun yi ta. Ƙuri'ar da aka yi bayan an rufe kotu, an toshe bakin masu cewa a'a, ita ma mudu ce mai bugaggen gindi.

Yanzu mu juyo gida, don laifi tudu ne. 'Yan adawa suna da nasu kason. A watan Satumban 2017, suna riƙe da kujerunsu, gyaran da gwamnati ta kawo ya tsaya a ƙuri'a 62, bai kai 73 ba, dole aka koma maganar raba-gardama. Kasancewarsu cikin majalisa ce ta sa makullin ya yi aiki. A 2002 da 2018 kuwa sun ƙaurace, kuma kowace ƙauracewa ta haifi majalisar da ta taɓa kundi yadda ta so. Mun san dalilansu, kuma ƙorafinsu a kan hukumar zaɓe da rabon mazaɓu ba na banza ba ne. Amma kasuwa ba ta fasa ci don wani ya yi fushi ya zauna gida. Kujera goma sha tara cikin 91 ta isa ta hana daren 25 ga Maris.

Mu 'yan Zango ma muna da namu. Mun daɗe muna faɗa wa 'ya'yanmu cewa mu fatake ne, siyasa ta masu gari ce. Kakanninmu suna bin hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta Mango da ƙasar Kotokoli tun kafin Jamusawa su kafa tuta. A nan aka binne su, a nan aka yanke mana cibiya. Ɗan Zango shi ne ya fi kowa sanin wahalar neman takardar shaidar ɗan ƙasa, ya fi kowa sanin yadda ake juya takarda a gaban wanda ba shi da kowa a sama. Wanda yake da ɗan'uwa babban hafsa ko minista yana iya rayuwa ba kundi. Marar gata ba shi da wata garkuwa sai rubutacciyar doka wadda ba ta sauyawa da dare. Saboda haka mu ne ya kamata mu fi kowa kishin yadda ake taɓa ta.

Ba muna kiran kowa ya fita titi ba ne. Mun ga abin da ya biyo baya a 2005 da 2017, mun kuma ji na watan Yunin 2025 a Lome, inda ƙungiyoyin farar hula suka ce mutum bakwai sun mutu. Muna kira ne a riƙe wasu ƙa'idoji a tambayi duk mai neman ƙuri'armu matsayinsa a kansu, ko daga wace jam'iyya ya fito. Duk gyaran kundi a buga daftarinsa watanni kafin ƙuri'a, a karanta shi a gidajen rediyo da Tem da Kabiye da Moba da Ewe da Hausa, a ba masu suka lokaci daidai da na masu yabo. Majalisar da wa'adinta ya cika kada ta taɓa kundi. Kada a taɓa shi alhali wani yanki na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Duk abin da ya shafi wanda ke zaɓen mai mulki da tsawon zamansa, a kai shi akwati. Kuma duk gyaran da zai amfani masu riƙe da kujera, kada ya fara aiki sai a kan waɗanda za su gaje su. Wannan ta ƙarshe ita ce ma'aunin niyya: mai gyara don ƙasa ba zai ƙi ta ba.

Ga sarakunanmu da limamanmu da shugabannin Zango, Allah Ya ƙara muku girma, muna da roƙo. Idan aka sake kiran ku taron "tuntuɓa", ku nemi takardar kafin shayi. Ku ce a ba ku lokaci ku kai ta gida a karanta wa jama'a. Ba rashin ladabi ba ne dattijo ya ce sai ya ji daga mutanensa, kuma halartarku kada ta zama hatimin da za a buga a kan abin da ba ku gani ba.

Ga masu mulki kuma, nasiha ce ta mai son zaman lafiya. Sabon kundin da kuka kawo, da wace hujja za ku kare shi ranar da wata majalisa za ta zauna da dare ta yi masa abin da kuka yi wa na 1992? Kun koya wa na baya hanya. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Har yanzu ƙofa a buɗe take: a kai kundin 2024 gaban jama'a, a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, daga Cinkasse har bakin teku. In sun ce i, mu ne farkon masu rubuta shi a littafinmu mu yi biyayya. In sun ce a'a, masu ƙasa sun yi magana.

Allah Ya zaunar da Togo lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da 'yan gudun hijirar Savanes gidajensu. Wassalam.